Alhakin Mai Zare

Malam Nasidi ya sa bayan hannu ya ture wayar da aka kai masa gaban ido.

"Ɗauke min wannan. Ba fim ba ne, zaman gulma ne."

"Haba Tsoho, ko minti biyu ba ka kalla ba," in ji Muttaka, jikansa, mai shagon tura fina-finai a waya a bakin kasuwar Karaye.

"Na ga abin da zan gani. Mutum uku a kan kujera, ga labule, ga lemo a tebur ba mai sha. Wancan makon ma a kan kujerar nan ka nuna min su. Kashi na nawa ke nan?"

"Na sittin da huɗu."

"Sittin da huɗu! Har yau ba wanda ya hau doki, ba wanda ya faɗa kogi, ba wanda aka sace. Ƙafa ce ba su da ita?"

Ranar kasuwa ce. Bencin gaban shagon ya cika da tsofaffi masu jiran rana ta yi sanyi. Suka yi dariya. Wanda ya fi kowa ƙarar dariya shi ne Sulle, aminin Nasidi, wanda ya kawo gyaɗa daga Jajaye ta ƙasar Rogo, ya sayar tun da hantsi, ya rasa dalilin komawa gida.

Nasidi bai yi dariya ba. Ba ya dariya a kan maganar fim.

"A da," ya ce, "fim awa uku ne. A ciki za a haifi yaro, ya ɓata a tashar jirgi, ya girma, ya daki mutum ashirin shi kaɗai, ya hau dutse ya yi waƙa, ya gane uwarsa. A tashi, kowa ya share hawaye ya tafi gida. Ku kuwa shekara biyu kuna bin mutum ɗaya, har yau bai gama sallama ba."

"Amma namu ana jin abin da suke faɗa."

"Na da ma ana ji. Ni nake faɗa."

Wannan gaskiya ce, kowa a bencin shaida ne. Shekara arba'in da suka wuce Nasidi ne ya fara kawo bidiyo Karaye. Ya dawo daga Kano da talabijin ɗaya, da janareta, da kaset ɗin Indiya goma sha ɗaya. Yakan zagaya da su Rogo, da Jajaye, da Kafin Dafga. A kafa talabijin a kan tebur, shi kuma ya tsaya a gefe da 'yar sanda yana fassara. An san ya yi aiki wurin wani Ba'indiye a Kano, don haka ba wanda ya taɓa yi masa gardama. In ya ce jarumi ya ce kaza, to ya ce.

A cikin goma sha ɗayan akwai wanda ya fi fita. Ba wanda ya riƙe sunansa na asali, Mai Zare ake ce masa. A cikinsa wata yarinya ta ɗaura wa jarumi jan zare a hannu, ta sa masa alewa a baki, sannan ta je ta auri abokinsa. Nasidi ya bayyana wa jama'a cewa haka Indiyawa ke yin baiko, da zare. Tun daga lokacin duk budurwar da ta juya wa saurayi baya a yankin, sai a ce ta ɗaura masa zare.

Muttaka ya jawo wata 'yar leda daga aljihu, ya ɗaga wani abu kamar farcen yatsa.

"To Tsoho, yau na yi maka tanadi. Ka san abin da ke cikin nan?"

"Shirme."

"Mai Zare ne. Yaran nan masu fassara na Kano sun tono shi, sun sa masa Hausa. Jarumin da bakinsa yake magana. Jiya aka turo min, ko buɗewa ban yi ba, na ce sai da kai."

Sulle ya miƙe har hularsa ta karkace.

"Mai Zare? Namu? Yana nan da rai?"

"Yana nan, Baba Sulle."

"Allahu Akbar! Rabona da shi tun da kaset ɗin ya cinye kansa. Yau zan sake ganin munafukar yarinyar nan!"

Kafin Nasidi ya buɗe baki an gama shawara. Awaisu mai gidan kallon ƙwallo ba shi da wasa sai gobe, zai ba da rumfarsa bayan la'asar. Wani ya ce zai gaya wa 'yan Kafin Dafga da ke rumfar masu hatsi. Sulle ya dafa kafaɗar Nasidi.

"Yau yaran nan za su san ka riga su. Mu ji ko sun iya kamar kai."

"Za mu ji," in ji Nasidi. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gida, ko goron da ya saya bai tuna ba.

Ya tarar da matarsa Laure a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya zauna a kan turmi ya kama ciki.

"Ke, cikina ke juyawa. In an zo nemana bayan la'asar, ba ni da lafiya."

Laure ba ta ɗago ba. Labari ya riga shi zuwa, matar Muttaka ta bugo mata waya.

"Sannu, Malam. Ciwon Indiya ne ko na gida?"

Ya harare ta.

"Wata nawa ma ka yi wurin Ba'indiyen nan?"

"Uku."

"Gadi."

"Gadi ba aiki ba ne?"

"Aiki ne. Me ya koya maka?"

Kalma uku Nasidi ya baro Kano da su: zo, tafi, da rufe ƙofa. Ta ukun ma bai tabbata ba, don mutumin yakan faɗe ta ko ƙofar tana rufe.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka nuna wa mata fim a bikin ƙanwata Hajo. A Karaye sunan jarumin daban, da muka je Kafin Dafga ka raɗa masa wani."

"Shekara arba'in ba ki ce komai ba?"

"Na ce me? Kana faɗa muna kuka. Wa zai ɓata wa kansa kuka mai daɗi?"

Shi a ganinsa bai taɓa yin ƙarya ba, aiki ya yi. Duk kaset sai ya kulle kansa a zaure ya kalle shi sau uku kafin ya fitar. Fuska yake karantawa. Mai gashin baki da kofin gilashi a hannu mugu ne. Tsohuwa mai farin zane mijinta ya mutu. Wanda ya yi tari sau biyu ba zai kai ƙarshen fim ba. Da wannan yakan haɗa labari, kuma labarin yakan zauna daram. Zaren nan ne kawai ya ba shi wuya. Yarinya ta ɗaura wa namiji abu a hannu, ta ba shi alewa a baki, shi kuma ya ba ta kyauta, in ba baiko ba mene ne? Amma ranar aurenta da abokinsa sai ga jarumi a tsakiyar fili yana tiƙar rawa, yana hawaye. Kwana biyu Nasidi ya yi yana juya abin. A rana ta uku ya fito ya sanar da jama'a cewa Indiyawa in baƙin ciki ya yi musu yawa, rawa suke yi.

"In ban je ba za a ce na gudu," ya ce.

"Za a ce."

"In na je kuma..."

"Ka dai ci tuwo tukuna. Kunya ba ta daɗi da yunwa."

Ya ci. Ya yi la'asar. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in za a kunyata mutum gara a same shi da shiga mai kyau.

Rumfar Awaisu ta kwano ce, zafi kamar tanderu. Tsofaffi sun kai ashirin a bencin gaba, samari a baya sun zo kallon tsofaffi. An ajiye wa Nasidi kujerar roba a tsakiya, kusa da Sulle. Muttaka ya tsaya gefen talabijin da rimot a hannu, daidai inda kakansa ke tsayawa a da.

Aka tada janareta. Kiɗan farko yana tashi tsofaffin suka yi ajiyar zuciya tare. Hoton ya ɗan koɗe, amma ga dutsen nan, ga kogin, ga jarumi a kan farin doki.

"Ka ga fim," in ji Sulle, ya juya wajen samari. "Minti ɗaya ba a yi ba an hau doki!"

Sai jarumi ya buɗe baki. Muryar wani yaron Kano ta fito: "Kai, oga, matsa min a hanya ko na sauya maka kamanni!"

"Subhanallahi," in ji wani tsoho. "Wannan ai muryar kwandasta ce."

"A bakin Malam Nasidi cewa yake, ya kai azzalumi, ji tsoron ranar gobe."

"Wannan ya fi dacewa da doki."

Nasidi ya ɗan gyara zama. Awa guda ta wuce, abu na tafiya yadda yake so. Mai gashin baki ya tabbata mugu. Mai farin zane mijinta ya mutu. Wanda ya yi tari sau biyu ya cika kafin a kai rabi. Duk wanda ya faɗo daidai sai Sulle ya zungure shi da gwiwar hannu, har haƙarƙarinsa ya fara ciwo. Samarin baya ma sun daina dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai, mutanen da sun iya fim."

Sai ga yarinyar ta shigo da faranti, jan zare a kai.

"Ga ta nan!" in ji Sulle. "Dubi idonta. Kamar ta Allah!"

Ta kama hannun jarumi ta fara ɗaurawa. Muryar mace ta fito a hankali, kowa ya ji.

"Ba ni da ɗan'uwa a duniya. Daga yau kai ne yayana, ni ce ƙanwarka. Wannan zare shi ne shaida."

Jarumi ya ce, "Na karɓa, ƙanwata. Ni da kaina zan kai ki ɗakin mijinki."

Daga baya wani saurayi ya ce, "Au!" Na kusa da shi ya toshe masa baki.

Muttaka ya dubi kakansa. Murmushin tsokanar da ya yini da shi ya ɓace. Ya fara danna rimot, murya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa.

"Ina jin sautin ne ya lalace," ya ce. "Tsoho, ko za ka taso ka ƙarasa mana da baki?"

Sulle ya riga ya miƙe.

"Ba sauti ba ne, ƙarya ce! Yaran nan sun sauya magana! Sun ga baiko, sun ji tsoron kada malamai su yi musu faɗa, suka mayar da shi 'yan'uwantaka. Wane ɗan'uwa ake sa wa alewa a baki?"

"Haka ne!" in ji bencin gaba.

"Su da ba su taɓa ganin Ba'indiye ba sai a waya! Malam Nasidi, tashi ka gaya musu abin da ta ce."

Duk ido ya dawo kansa. Hanya a buɗe take. In ya miƙe ya karɓi wurinsa, tsofaffi ashirin za su rantse a bayansa, jikansa kuma ya riga ya kashe masa muryar. Har ya dafa sandarsa. Sai ya kalli talabijin. Yarinyar tana magana, bakinta na motsi ba sauti, idonta cike da hawaye. Ya ga wurin nan ya fi sau ɗari. Bai taɓa jin abin da ta faɗa ba, kuma yanzu saura ƙiris.

"Mayar da muryar," ya ce.

"Tsoho..."

"Kurma ne kai? Mayar. Sulle, zauna. Ba a yanke hukunci a rabin fim."

Aka mayar. Tsofaffi na gunaguni, Nasidi bai ƙara jin su ba. Ya ji yadda yarinyar ta sayar da 'yan kunnen uwarta ta fito da jarumi daga hannun 'yan sanda, wurin da shi yakan ce ta je sayen kayan aure da kuɗin cin amana. Ya ji jarumi da bakinsa yana roƙon abokinsa ya aure ta. Da aka zo rawar biki, waƙar ma an fassara: yau na sauke nauyi, yau ƙanwata ta samu gida. Mutumin murna yake yi. Shekara arba'in yana murna, Karaye da Rogo suna yi masa jaje.

Nasidi ya sa hannun riga ya goge ido. Ya ce zafin kwano ne.

Aka gama dab da magariba. Awaisu ya kashe janareta. Ba wanda ya tashi.

Nasidi ya miƙe, ya juya ya fuskanci jama'a, ya dogara sandarsa.

"Magana ɗaya zan yi. Yaran nan sun yi daidai. Ni ba na jin Indiyanci. Ban taɓa ji ba. Gadi na yi, wata uku. Fuska nake kallo in faɗi abin da ya zo min. Yarinyar nan ba ta ci amanar kowa ba. Ni na ɗora mata, ku kuka taya ni. Shi ke nan."

Ya jira abin da zai biyo baya. Ya shirya wa dariya, ya shirya wa zagi.

Sulle ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya girgiza kai.

"Allah sarki. Tsufa."

"Me ka ce?"

"Na ce tsufa ba shi da kirki. Mutumin da ke juya Indiyanci kamar ruwa, yau ya manta har ya taɓa iyawa."

"Sulle, na ce maka ban taɓa..."

"Ni za ka gaya wa? Ina wurin! Shekarar da Ikilima ta bar ni ta auri mai keken ɗinki, sau goma sha tara na kalli fim ɗin nan. Daga Jajaye nake takowa a ƙasa. Sau goma sha tara ina kuka tare da bawan Allahn nan, ina cewa ga ɗan'uwana a Indiya. Yanzu ka ce min shi murna yake yi, ni kaɗai nake kuka?"

"Haka abin yake."

"Ba haka yake ba! Ni a bakin Nasidi na ji, lokacin yana da ƙarfinsa da hankalinsa. Ba zan bar maganarsa in kama ta wani tsoho da jikansa ya juya masa kai ba."

"Gaskiya ne," in ji wani daga Kafin Dafga. "Na da ya fi wannan sani."

"A kai shi kemis a auna shi."

"Allah ya ba shi lafiya, ya yi mana aiki a zamaninsa."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya tsaya ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce sannu Malam, Allah ya sauwaƙe, kamar an zo dubiya. Sulle ya fita ƙarshe, yana neman babur ɗin Rogo. A bakin ƙofa ya juyo ya nuna talabijin ɗin da ke kashe.

"Ke kuma, Allah ya isa!"

Rumfar ta rage daga Nasidi sai jikansa. Muttaka yana naɗe waya, yana cije leɓe.

"In ka yi dariya sai na fasa maka kai."

"Ban yi ba, Tsoho."

"Kana shiri."

Suka fito tare, suka kama hanyar masallaci. 'Yan kasuwa na ɗaure kaya, motocin Kano na kiran fasinjan ƙarshe.

"Fim ɗin dai ya fi naku," in ji Nasidi.

"Ya fi."

"Ko da muryar kwandasta."

"Ko da ita."

Suka ƙara 'yan taku.

"Sauran fa? Sun sa musu Hausa?"

"Waɗanne?"

"Nawa. Goma suka rage."

"In ka ba ni labarinsu zan nemo. Ina jin ba za a rasa shida ko bakwai ba. A sake karɓar rumfar Awaisu?"

Nasidi ya tsaya cak.

"Kar ka kuskura. Gida za ka kawo min, ɗaya bayan ɗaya, ka rufe zaure." Ya ci gaba da tafiya. "Akwai wani likita mai tabarau da na ce shi ya kashe uban jarumi. Fuskarsa ce kawai ba ta yi min ba. Da shi za mu fara."